Takardu cikakku, mota lafiya, amma an tsare mu a shinge

Alhaji mai Peugeot 504, Garwa

Assalamu alaikum. Abin da ya same ni a nan arewacin Kamaru ranar Asabar ɗin da ta wuce ne ya sa na ɗauko wannan zance, kuma ina roƙon duk wanda ya taɓa gamuwa da irinsa ya faɗi nasa, domin in san ko ni kaɗai ne mai baƙin jini a wurin masu tsaron hanya.

Motata tsohuwar 504 ce haɗin Kaduna, gadon mahaifina, kuma na yi kusan shekara biyu ina tayar da ita: na sauke injin, na sake birki gaba da baya, na mayar mata da farin fentinta na asali. Kart giriz (takardar rajistar mota) da parmi (lasisin tuƙi) da asurans (inshora) duk suna hannuna, kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara, kuwa tun 2017 tare da asurans ake biyansa, sannan takardar bizit teknik ɗina, wato ta gwajin lafiyar mota, ba ta cika wata biyu ba. Na kama hanyar Gidar da safe domin ɗaurin auren ɗan ƙanena, ban yi nisa ba aka ja mini katako mai ƙusoshi. Jandarman ya karɓi takardu ya juya su ɗaya bayan ɗaya, bai sami abin faɗi ba. Ya ce in buɗe but, ya ga triyangil, alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, ya ga safaya taya da jak, ya ɗaga tukunyar kashe gobara ya karanta kwanan watan da ke jikinta, ya buɗe akwatin magani har ya ƙirga bandeji. Daga nan sai ya durƙusa a bayan motar, ya sa farce a kan wata 'yar tsaga da ke gilashin fitilar baya ta hagu, wadda tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, ya ce fitilata ta lalace. Na taka birki ta kama, na sa sigina ta kama, amma ya ce shi ba haske yake magana ba, gilashi yake magana.

Muna cikin haka sai ga wata motar gawayi ta taho, lodinta ya fi tsayinta, ba gilashin gaba, ƙofar direba kuma da robar taya aka ɗaure ta. Ko tsayawa ba ta yi ba. Yaron mota ne ya diro da gudu, ya miƙa wata takarda a naɗe, aka mayar masa da ita, ya sake ɗafe motar. Ni kuwa da na ce a rubuta mini laifin a ba ni rasit in biya, sai aka ce mai littafin rasit ya fita. Na zauna a gindin dogonyaro fiye da awa biyu kafin a miƙo mini takarduna ba tare da an ce mini uffan ba. Ban biya ko dala ba, amma na tarar an shafa fatiha har an fara watsewa. Tambayata ita ce, idan na'urar wurin bizit teknik ta ce mota lafiyarta lau, wane ne ya fi gaskiya tsakaninta da farcen mai shinge?

Hajiya mai Toyota Carina, Marwa

Alhaji, Allah ya ba da haƙuri, ba kai kaɗai ba ne. Ni a kan gilashi aka tsare ni. Da 'yar leda mai duhu kaɗan a tagogin baya na sayi motar, ana kuma ganin na ciki sarai, amma aka ce in kawo takardar izini. Ban yi gardama ba, domin wanda ke zaune a yankinmu ya san abin da rashin tsaro ya jawo mana, kuma ya san dalilin da ya sa ake son ganin cikin kowace mota. Na kira wani yaro ya ɓare ledar da reza a gefen titi, 'ya'yana suna tsaye cikin rana da kayan makaranta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin yaron ya gama, manyan motoci biyu masu gilashi baƙi ƙirin sun wuce, aka janye musu katako har da sara musu.

Bakanike, Ngaundere

Ranka ya daɗe Alhaji, na ji zafin abin da aka yi maka, amma ku yi mini afuwa in faɗi ɓangaren da ba a son ji, domin shekara ashirin da wani abu ke nan ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Takardar bizit teknik ba kullum take nufin an duba mota ba. Kai ka kai taka, an hau da ita kan abin gwada birki, an auna hasken fitila, an girgiza ƙafafunta, an duba hayaƙi. To, ni na san masu motocin da kart giriz kawai suke aikawa, takarda ta dawo musu da yamma, alhali motar tana garejina ba ta da ko injin a ciki. Mai shinge ya san da wannan kamar yadda na sani, shi ya sa takardar ba ta cika masa ido.

Duk wanda ya taɓa gangara dutsen da ke arewa da Ngaundere a hanyar Garwa, ya ga kwanakwanan nan da ramin da ke gefe, ba zai ce duba birki da taya cin zali ba ne. Akwai wani mai Hilux da nake yi wa aiki, wanda na yi ta yi masa magana a kan tayoyinsa na gaba yana cewa sai an sayar da masara. Wata rana wani jandarma ya shafa tayar, waya ta soke shi a hannu, ya ce wallahi motar nan ba za ta gangara da mutum tara a baya ba. Mutumin ya miƙa kuɗi, ya ƙi karɓa, har sai da aka kawo wasu tayoyi a kan babur aka sauya a wurin. Ya zo mini yana zage-zage, na ce masa ya je ya yi wa mutumin nan addu'a. Yawancin tayoyin da muke saye kwancen Turai ne, wasu ma na lokacin sanyi ne da ba a yi su don kwaltar watan Afrilu ba, kuma mutane ƙalilan ne ke duba lambobi huɗun nan da ke gefen taya, waɗanda biyun farko mako ne, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera ta.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, a mafi yawan shingaye farashin tsagar gilashi da farashin mataccen birki ɗaya ne, kuma da zarar an biya, motar za ta wuce da laifinta kamar yadda ta zo da shi.

Mai Land Cruiser, Kuseri

Maganar bakanike gaskiya ce, sai dai ina so a tambayi wanda ke fasa mana fitilun. Muna biyan sefa 500 a kowane peyaj, wato shingen karɓar kuɗin hanya, amma shekara da shekaru hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ta yi tana cin shokozoba da salansa da ƙwan fitila. Na taɓa barin Marwa komai nawa yana aiki, domin da kaina na zagaya motar da asuba, kafin in wuce Waza girgiza ta kashe mini fitilar gaba ta dama. A shingen gaba aka ce laifi ne. Na buɗe aljihun gaba na ɗauko sabon ƙwai, na sauya shi a gaban jami'in cikin minti biyar, na kunna ta kama. Ya yi dariya ya ce na iya aiki, sa'an nan ya ce to, ina kuɗin ruwa, tunda rana ta yi zafi.

Da yake kusan kowane mako ina haye gadar Ngeli zuwa Njamena, ina gaya wa masu niyyar shiga Cadi kada su manta da kart roz, wato takardar asurans ta CEMAC, ƙungiyar ƙasashe shida na tsakiyar Afirka da Kamaru da Cadi ke ciki. A rubuce, dokar hanya ɗaya ce ke aiki a ƙasashe shidan tun 2001, amma a bakin shinge kowa da abin da ya fi sa wa ido. Maganar Hajiya ta gilashi mai duhu, can ta fi tsanani, domin bayan hare-haren watan Yunin 2015 a Njamena hukuma ta hana shi, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada sa'arsa.

Ɗan Marsandi 190, Garwa

Baba Alhaji, ni nawa laifin da hannuna na saye shi, ba zan ɓoye ba. Na ɗora wa motar dogon layin fitila mai farin haske a saman bamba, na kuma sa salansa mai ƙara, domin a lokacin gani nake yi ita ce ƙawa. 'Yan sanda suka tsare ni da daddare a cikin gari, suka ce ina makantar da masu tahowa, wanda yanzu na yarda haka ne, tunda ni ma an yi mini na kusa hawa kan mai babur. Aka kai motar furiyar, inda ake ajiye motocin da aka kama, ta kwana uku. Na biya abin da aka ce, an ba ni rasit na wani kaso, saura kuma ba a ba ni ba. Da na je ɗauka sai na tarar babu madubin gefe ɗaya, babu tambarin kan bonet da na sha wahala kafin in samu, batir ɗin ma ba nawa ba ne. Fitilar da aka kama ni dominta kuwa tana nan daram inda take, ba wanda ya ce in cire. Ni da kaina na kwance ta bayan mako guda.

Tsohon malamin makaranta, Figil

Ɗana, ka kyauta da ka cire ta. Ni dabarata biyu ce. Ta farko, ina yawo da kwafin takarduna da aka buga wa hatimin hukuma, asalin kuma yana cikin jaka, ba na fito da shi sai an dage, domin wanda ya riƙe asalin kart giriz ɗinka ya riƙe wuninka. Ta biyu, akwai lambobin kai ƙara kyauta: 1501 na jandarmomi, 1500 na 'yan sanda, 1517 kuma na CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci. Sau ɗaya na taɓa ɗaga waya a shinge, bayan an riƙe ni a kan wai ruwan wanke gilashina ya ƙare. Cikin ladabi na gaya wa jami'in cewa zan tambayi na sama ko wannan yana cikin abin da ake biya. Ban kai ga danna lamba ta huɗu ba takarduna suka dawo hannuna. Ban ce kullum haka za ta kasance ba, kuma ba na son yaro mai zafin kai ya yi wannan da tsakar dare a daji.

Alhaji mai Peugeot 504, Garwa

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Malam, zan yi kwafin nan gobe in Allah ya yarda. Maigidan gareji, na karɓi maganarka, har na sa tocila na duba tayoyina jiya da daddare, kuma ɗaya daga cikin na baya ta ba ni kunya, domin shekararta tara. Wanda ya durƙusa yana neman tsaga da farce bai ko kalle ta ba. Na riga na yi odar sabuwa. Abin da ya rage shi ne gilashin fitilar, wanda na zagaya masu kayan gyara na Garwa ban samu ba sai na roba mai dusashewa cikin damina ɗaya. Asabar mai zuwa dole in koma Gidar in ba ango da amarya haƙuri, kuma ta wannan shingen zan sake bi. Idan akwai mai zuwa Mubi ko Yola a cikin makon nan, don Allah ya duba mini na asali, na gefen hagu.