Shawarwari kan Labarin Soyayyar da Tuba ke Cikinsa

A tattaunawar da wasu makaranta littattafan soyayya suka yi a Garwa da ke arewacin Kamaru, an fi daɗewa kan labaran da ke haɗa waɗanda ba a zaci za su dace ba, kamar direban tirela mai bin hanyar Ngaundare zuwa Kusiri da malamar makarantar boko, ko bazawara da saurayi ɗan gata.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada marubuci ya sayar da tuba da araha. Malamai sun ce tuba na buƙatar nadama, da daina laifin, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin wanda aka zalunta, don haka ya kamata a ga jarumin ya durƙusa gaban tsohuwar matarsa yana biyanta kuɗin ciyar da yaran da ya yi watsi da su. Na gamsu da wannan matuƙa, domin bai dace a ɗora wa amarya nauyin shiryar da miji ita kaɗai ba.

An kuma nemi marubutanmu su rage kwaikwayon Kano, inda wannan adabi ya bunƙasa tun shekarun 1980, su bar jarumansu su biya sadaki da sefa, surukai su gaisa da Fulatanci.