Neman kalmar Hausa: me za mu kira Ruinenlust?

1/ Jama'a, ku taya ni da wata kalmar Jamusanci, Ruinenlust (Ruinen: rusassun gine-gine; Lust: sha'awa ko jin daɗi). Ita ce wannan abin da ke kama zuciyar mutum in ya tsaya gaban rusasshen gini na dā, ya ji daɗi da ɗaci a haɗe. Masu zanen Turai na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 sun shagala da shi ƙwarai, musamman a kan rusassun gine-ginen Roma da Girka.

2/ Bafaranshe Hubert Robert ya yi shekara 11 a Roma, daga 1754 zuwa 1765, yana zana karyayyun ginshiƙai har aka yi masa laƙabi da su. A 1796 sai ya zana babban zauren fadar Louvre da ke Paris, wanda bai fi shekara uku da zama gidan tarihi ba, rufinsa a burme, sararin sama a buɗe, wani mai zane na zaune cikin tarkace yana kwafar mutum-mutumin Apollo, ɗaya daga cikin gumakan Girkawa. Ginin fa yana nan lafiya lau. Rushewarsa kawai ya hango.

3/ Wani aboki ya kawo "sha'awar ɓaraguzai". Ban karɓa ba. Ɓaraguzai tulin ƙasa ne da duwatsu da ake jiran a kwashe, ba wanda ke tsayawa kallonsu.

4/ Kango ya fi kusa, don yana tsaye, rufi ne babu. Amma a kunnenmu yau kango ginin da aka fara ne kuɗi suka ƙare, ko maɓoyar 'yan shaye-shaye. Ba ya ɗauke da daɗewa.

5/ Ni dai kufai na zaɓa. Kufai sai inda aka taɓa zama, aka yi kasuwa da sarauta, sannan aka watse, kamar Surame ta Kanta. Ku dubi zane na ƙarshe cikin biyar ɗin da Thomas Cole ya kammala a Amurka a 1836 kan tashi da faɗuwar daula: ginshiƙi ɗaya tal a gaba, tsuntsu ya yi sheƙa a kansa, ciyayi sun nannaɗe bango, wata yana fitowa, ba ɗan Adam ko ɗaya. Duk Bahaushen da ka nuna wa zai ce maka garin nan ya zama kufai.

6/ Rabin kalmar na biyu kuwa, wato Lust, "bege" na zaɓa masa, don sha'awa tana jan hankali wani wajen. Ɗaliban adabin Larabci sun san yadda mawaƙan jahiliyya ke buɗe ƙasida da tsayuwa a inda masoyiya ta tashi, suna kuka. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

7/ Don haka: begen kufai. Matsala ɗaya ta rage mini. Kolosiyam, rusasshen filin wasan Romawan dā, yana tsakiyar Roma, motoci na wucewa kusa da shi dare da rana, garin bai watse ba. Malamai, kufai zai iya ɗaukar gini guda a cikin rayayyen gari, ko a nan dole mu koma wa kango?