Ni da baban su Abba magana ta koma sai dai aike, dan Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a wani ƙauye ta wajen Taura, yarana uku, gidanmu gidan yawa ne, sashen Inna uwar mijina daban, na yayansa da matansa biyu daban, sai namu can ƙurya kusa da rumbu. Matsalata in na faɗa wasu dariya suke amma wlh ni abin yana cin raina. Ni da maigida yanzu bama magana baki da baki. Yana zaune bakin ƙofa kan tabarma ina tsakar gida ina tankaɗe, ko numfashina yana ji, sai yace Abba je ka ce wa babarka ina ruwan alwala, ni kuma in ce ce masa buta na nan inda ya barta. Yaron nan bai daɗe da shiga makarantar allo ba amma ya zama masinja, har ya fara ƙara nasa, rannan nace ya faɗa masa gishiri ya ƙare, sai ya je yace wai Umma tace gishiri ya ƙare da alewa.

Asalin abin akuya ce. Ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ribar na shiga adashe na sayi akuya ta yi ta haihuwa. Bayan ambaliyar 2022 shinkafarsa ta tafi gaba ɗaya bashin taki ya hau kansa, wata Lahadi ya ja ɗan bunsuruna ya kai kasuwar Gujungu, nayi shiru nace ai rufin asirinmu ne. Toh sai abin ya zama jiki, ko me ya taso sai ya leƙa turke. Kwanan baya uwar garken ya ja, wadda da ita na fara, ban sani ba sai da na kawo musu dusa. Da na tambaya yace aro ne, wai ni da ke akwai naka da nawa ne? Nace akwai. Tun daga nan magana ta mutu.

Ga kuma ƙannensa samari, ɗakina ya zama kamar shagon caji, ba sallama ba komai sai kaga mutum tsaye a kanka da waya a hannu, tocila su ɗauka, sauran miya su buɗe, in nayi magana ace wasan ƙanin miji ne. Ni ina son mijina, baya duka baya zagi, abinci in yana da shi baya ɓoyewa. Ya zanyi in sa iyaka ba tare da ance na raina shi ko ina raba shi da 'yan uwansa ba? Ko yaji zanyi?

Maman 'yan biyu, Gumel:
Wayyo Abba ya bani dariya, Allah ya raya mana shi, yaron nan ɗan kasuwa za'ayi. Amma 'yar uwa abu na farko ki sallami masinja yau ɗin nan. Yaro yana ɗaukar komai, yau alewa ya ƙara, gobe tsakar gidan Inna zai je ya zazzage duk abin da kuka aika shi da shi a gaban facalolinki. In maigida ya aiko shi neman buta, tashi da kanki ki kai masa ki ce gashi Malam, ki tsaya har ya amsa.

Wata amarya daga Babura:
Ni dai wlh da tuni ina gidanmu. Ki tafi ya zo biko da bakinsa, a nan ne zai san yana da baki.

Inna mai ƙosai:
Ke amarya rufa mata asiri. Ta tafi yaji ta bar sauran awakin a hannun wa? Kafin ya zo biko sun ga Gujungu, wanda ya rage ya ga Maigatari ranar Alhamis. Kuma yaji a kan me, mutumin da bai taɓa lafiyarta ba. 'Yata zauna ɗakinki, amma zama ba yana nufin ki haɗiye ba, haƙurin da ake cewa ki yi ba shi ne ki bari a kwashe miki kaya kina kallo ba.

Wani magidanci, Ɗambatta:
Ku bari namiji ya sa baki. Baiwar Allah shirun nan da kike gani yawanci kunya ce, ba isa ba. Namiji ya san akuyar nan ba tashi bace, ya san ya kasa, kuma da kika ce akwai a kunnensa abin da ya ji shine kai ba komai bane. Shi yasa yake buya bayan yaro. Wannan bai wanke shi ba, abin da yayi ba daidai bane. Amma lokacin magana yana da muhimmanci, kar ki tare shi ya dawo daga gona rana ta dake shi cikinsa ba komai, ki bari bayan isha ya ci tuwo yara sunyi barci. Kuma kar ki fara da akuya, ki fara da tambayarsa nawa ne ya rage na bashin takin nan. Wlh yawancinmu ba wanda yake tambayarmu wannan.

Maman 'yan biyu, Gumel:
Malam mun ji, amma ita wa ya tambaye ta nawa ta sha wuya a bakin kasko kafin ta tara kuɗin akuyar? Sai dai kullum mu ne masu lallashi.

Wani magidanci, Ɗambatta:
Gaskiyarki Hajiya, shi ya kamata ya fara. Amma ba shi ya kawo ƙara nan ba, ita ta kawo, da shi ne da na faɗa masa ya je ya bata haƙuri ya biya.

Malamar Islamiyya, Ringim:
'Yar uwa amsar da kika bashi gaskiya ce, akwai naka da nawa. A Suratun Nisa'i aya ta 32 Allah yace maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema, kuma ko sadakin da shi ya bayar aya ta 4 ta nuna baya ci sai in mace ta bashi da daɗin rai, balle abin da kika samu da guminki. Ciyarwa a kansa take. Bunsurun farko da kika yafe Allah ya baki lada, na baya tunda da bakinsa yace aro toh bashi ne, ku tsayar da lokacin biya ko da sai kaka in an sayar da riɗi. Sai dai gabar nan ku duka biyu tana kanku, hadisi ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana 3, kuma yace mafi alherinsu wanda ya fara sallama. Maganar ƙannen miji kuwa kar ki ɗauke ta da wasa ko kaɗan, an tambayi Annabi (SAW) game da ɗan uwan miji yace shi mutuwa ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Shi mijin ne ya kamata ya tsawatar. In kun kasa ku biyu, aya ta 35 ta ce a samo mutum ɗaya daga danginsa ɗaya daga naki, kawunki ko liman sun isa, ba sai an kai Hisba ba tukuna.

Uwargida sarautar mata:
Samarin nan maganinsu mai sauƙi ne. Ja wayar solar ki fito da soket ƙarƙashin rumfa, kowa ya sa wayarsa a nan, ɗaki kuma a saya masa kwaɗo. Amma kafin ki rataya kwaɗon je ki gaida Inna da ɗan man gyaɗa a kwalba ki ce Inna yaran nan sun girma, ina jin nauyin su same ni ba mayafi. Ba uwar da za ta ji wannan ta ce a'a, kuma in magana ta fito daga bakinta ba mai cewa kin raba 'yan uwa.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya bar zumunci. Jiya da ya aiko Abba na kai butar da kaina nace gashi Malam, ya ɗago ya kalle ni yace sannu, Abba kuma yana gefe yana ta fushi wai an ƙwace masa aiki. Maganar bashin ban samu yi ba, yayansa ya shigo suka zauna har dare. Toh sauran awakin fa, ƙanwar babata tace in kai mata kiwo can garinsu mu dinga raba 'ya'yan, in kai ko in bari?

Inna mai ƙosai:
Kar ki kai su a ɓoye, zai ce kin maishe shi ɓarawo kuma maganar da ta fara dawowa ta sake mutuwa. Ku fara gama zancen aron, sannan ki faɗa masa da bakinki za ki kai biyu kiwo saboda dusa ta yi tsada, ɗaya ki bari a gida. In yace a'a ki ce toh sharaɗi ɗaya, ba a kwance igiya sai kin sani, kuma ki faɗe shi a gaban Inna.