Shin gaskiya ne wanda ya karanci aikin jinya ba ya rasa aiki?

Mahaifin ɗaliba: Assalamu alaikum. Dangi sun matsa a kai 'yata kwalejin koyon aikin jinya, bisa hujjar cewa a yau mai riƙe da takardar nas ba ya zaman kashe wando. Ni ma ra'ayina ke nan, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa duniya na da giɓin ma'aikatan jinya kusan miliyan 5.9, kuma mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yake.

Nas a asibitin gwamnati: Wa alaikumus salam, Baba. Giɓin gaskiya ne, amma buƙatar ma'aikaci daban, samun gurbin aiki daban. Idan aikin dare ya faɗo kaina, ni kaɗai nake tsare ɗakin kwanciya guda, ina sauya wa wannan ƙarin ruwa, ina wanke wa wancan ciwo, 'yan jinya kuma suna ƙwala mini kira ta ko'ina. A cikin wannan asibitin akwai 'yan mata masu lasisi a hannu da suke aikin sa-kai ba tare da albashi ba, suna jiran ranar da gwamnati za ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Da yawa daga asibitocin kuɗi kuwa sun fi son ɗaukar wanda aka koya wa allura a bakin aiki, domin ba zai nemi albashin mai lasisi ba.

Malami a kwalejin jinya: 'Yar'uwa, ban musa abin da kika gani ba, sai dai kin auna lamarin da birni kaɗai. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya ce ma'aikata kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma dole wasu su maye gurbinsu. A Arewa ma lamarin ya fi tsanani, domin akwai magidanta da yawa da ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar iyalinsu, shi ya sa aka kafa shirin Women for Health a 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, don a horar da matan karkara su koma su yi wa garuruwansu aiki. Yarinyar da za ta amince a tura ta ƙauye, da wuya ta daɗe a gida.

Nas a asibitin gwamnati: Malam, wane uba ne zai tura budurwa asibitin ƙauyen da babu masaukin ma'aikata, babu wuta, ga kuma 'yan bindiga a wasu yankunan Zamfara da Katsina? Ka tuna kuma cewa lokacin da ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunta har da a ɗauki ƙarin ma'aikata da yawa, ban da gyaran alawus na aikin dare da na yunifom. Da guraben waɗanda suka tafi suna cikuwa da kansu, da ba mu roƙa ba.

Matashi mai shirin tafiya Ingila: Ina so in ƙara da cewa hanyar waje ba a shimfiɗe take ba. Sai mutum ya ci jarrabawar Turanci, ya ci ta kwamfuta, sannan ya je can ya ci ta gwajin aiki, kuma kowace da kuɗinta mai nauyi. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Ingila ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata, saboda haka kai ne za ka nema da kanka. A Fabrairun 2024 ma Majalisar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta fitar da sharaɗin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas.

Ungozoma mai ritaya: Alhaji, ku duka kuna maganar gurbi, amma ban ji wanda ya tambayi yarinyar ba. Aiki ne na jini da amai da kwana a tsaye, ranar Sallah ma ana iya kiran mutum, kuma wadda aka tura don albashi kawai ita ce take tsawa ga mai naƙuda. Idan tana so, ka tabbatar Majalisar ta amince da makarantar kafin ka biya ko sisi, domin ɗaliban makarantar da ba a amince da ita ba ba sa zama jarrabawar lasisi.

Malami a kwalejin jinya: Hajiya ta yi gaskiya, amma ina nan kan bakana cewa wadda ta haɗa jinya da ungozoma ta fi mai digiri a fannoni da yawa kusa da aiki.

Nas a asibitin gwamnati: Kusa da aiki na yarda, Malam, amma kada a yi wa Baba alƙawarin albashi daga ranar da aka ba ta lasisi, domin cikin masu aikin sa-kan da na ambata akwai masu takardu biyun.