Siririyar kwamfuta a ƙasar zafi: batir mai daɗewa ko gurbin ƙarin ram?

Alhaji mai shagon kwamfuta, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar da nake faɗa wa masu saye a shago ita zan maimaita, wanda bai yarda ba kuma ya zo da hujjarsa. Siririyar kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta dace da mutumin arewacin Kamaru ko na Cadi ba, sayenta kuwa asarar sefa ce. Yawancinsu tun daga masana'anta aka liƙa musu ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, a jikin bod, wato babban allon cikinta, da dalma, saboda haka wanda ya sayi mai giga 8 da giga 8 zai zauna har ranar da zai jefar da ita. Haka MacBook Air take, haka XPS 13 ta Dell, haka X1 Carbon ta Lenovo. Batirin ma a rufe yake a ciki, ba a kai masa hannu sai an kwance na'urar. Ku dubi ThinkPad T480 ta shekarar 2018: gurbin ram biyu gare ta, tana ɗaukar giga 32 ba tare da gardama ba, sannan batirinta biyu ne, ƙarami a ciki mai wat-awa 24 (wat-awa shi ne ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) da wani a waje da ake zarewa da hannu, wanda akwai mai wat-awa 72 a cikin irinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malama, Marwa:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara kasuwa, amma ban yarda da kalmar asara ba. Ka fara lissafi daga ranar da kwamfuta za ta tsufa, ni kuwa daga yau nake farawa, domin abin da ke tsayar mini da aiki a Marwa ba ƙarancin ram ba ne, ɗaukewar wuta ce. Kowa ya san cewa lantarkin yankunanmu ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Ina aiki da MacBook Air mai farosesar M1 (farosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta), wadda ta fito a watan Nuwamba na 2020. Kamfanin Apple da ya ƙera ta ya ce tana kai awa 18 idan bidiyo kawai ake kallo, ni ban taɓa sa rai da wannan adadin ba, amma ina shirya darasi, ina duba ayyukan ɗalibai, ina shiga intanet tun daga hantsi har bayan la'asar ba tare da na nemi soket ba. Gurbin ram da babu kowa a cikinsa ba zai rubuta mini jarrabawa ba a ranar da babu wuta.

Injiniya, Ngaundere:
Alhaji da Malama, abubuwa biyun da kuke jayayya a kansu ba a rabe suke ba, ɗaya ne ya haifi ɗaya, kuma sai an fahimci haka muhawarar za ta yi ma'ana. Ram ɗin da ake cusawa a gurbi, irin DDR4 da ke cikin T480, yana aiki da volt 1.2, kuma saƙo yana bin doguwar hanya daga farosesa zuwa bakin gurbin kafin ya shiga. Wanda ake sa wa siraran, wato dangin LPDDR, asalinsa na wayar hannu ne, an ƙera shi don ya sha wuta kaɗan, musamman lokacin da na'ura take barci ko ba ta aiki mai nauyi. Sharaɗinsa shi ne ya zauna dab da farosesa, domin siginarsa ba ta jure nisa, shi ya sa shekara da shekaru ba a samunsa sai a liƙe. Apple ta ɗora shi a kan marufi ɗaya da farosesar, Intel ma ta yi haka a jerin Core Ultra 200V na 2024, inda zaɓi biyu kawai ake da shi, giga 16 ko 32.

Sai dai kada a ɗauka ram ne babban mashayin batir. Fuskar kwamfuta da farosesa su ne suka fi ci. Lissafin kuma mai sauƙi ne: batirin kwamfutar Malama yana da wat-awa kusan 50, idan na'urar tana jan wat 5 zai yi awa 10, idan kuma aiki ya yi nauyi ta koma jan wat 15 to awa 3 da 'yan mintoci ne. Awannin da ake rubutawa a jikin kwali an auna su ne da hasken fuska a rage da aiki mara nauyi, mu kuwa da muke zama a rumfa ko kusa da taga dole mu ƙure hasken kafin mu ga rubutu. Wanda yake son ya san gaskiyar kwamfuta ya duba adadin wat-awa, kada ya tsaya ga awannin talla.

Alhaji mai shagon kwamfuta, Garwa:
To Injiniya, ai ka ba ni gaskiya da bakinka. Idan wat-awa ne ma'auni, 24 da 72 na batiran T480 sun tashi 96, kusan ninki biyu na abin da Malama take taƙama da shi, kuma saura kaɗan ya kai wat-awa 100 da ake yarda mutum ya shiga jirgin sama da shi ba tare da neman izini ba.

Injiniya, Ngaundere:
Rabin gaskiya na ba ka, Alhaji. Wat-awa 96 ɗin nan sabon batir ne yake da su, kuma farosesar 2018 ta fi ta 2020 shan wuta nesa ba kusa ba a kan aiki iri ɗaya. Tambayar da ya kamata ka amsa ita ce, a ina ake samun sabon batir na gaske ga kwamfutar da aka daina ƙerawa? Wanda ke zuwa mana ta Duwala ko Dubai ko Mubi, ko dai kwaikwayo ne da ba ya cika adadin da aka rubuta masa, ko kuma na asali ne da ya daɗe a sito, batirin litiyam kuwa yana tsufa ko da ba a taɓa kunna shi ba.

Mai gyara, Kuseri:
Manyana, ku ba ni dama in faɗi abin da ke zuwa teburina, domin ni ake kawo wa su idan magana ta ƙare. Abin da ya fi kashe batir a wajenmu zafi ne, ba yawan caji ba. Apple da kanta ta rubuta cewa kwamfutocinta an yi su ne don aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa daga watan Maris zuwa Mayu a Kuseri da Njamena muna wuce 40 a inuwa. Idan mutum ya bar kwamfuta a jone dare da rana, batirin cike dam, ɗakin kwano ne babu iska, to ba a daɗewa sai ya fara kumbura. A mai kauri za ka zare shi ka ajiye ka ci gaba da aiki da wayar caji a jone. A siririya babu sarari ko kaɗan, saboda haka kumburin yana tura wurin da ake jan yatsa sama, yana buɗe bakin murfi, wani lokaci har ya lanƙwasa madannai. Irin wannan batirin haɗari ne, ba a danna shi kuma ba a huda shi.

A gefe guda, Alhaji, bai kamata a ce batirin siririya ba ya canzuwa ba. Da yawa daga cikinsu sukurori ne kawai ke riƙe da shi, minti kaɗan ne aikin, masu gam ne ke ba da wahala. Kuma akwai abin da na ga siraran da ba su da fanka sun fi: ƙurar hunturu ba ta samun ƙofar shiga. Masu fanka kuwa duk shekara sai na share musu ƙura da ta toshe hanyar iska, ita ma tana ƙara wa batir zafi. Ram ɗin da ke liƙe shi ne ba ni da magani a kansa. Idan ƙwaya ɗaya ta mutu, a gurbi zan zare in sa wani a take, a liƙe kuwa sai a nemi bod gaba ɗaya, kuɗinsa kuma kan kusanci na wata kwamfutar ta gwanjo.

Ɗalibi, Njamena:
Ina gaida iyayena da malamaina. Ni karatun shirya manhaja nake yi, kuma ina ganin ba a ba matsalar giga 8 haƙƙinta ba. Windows 11 ta rubuta giga 4 a matsayin mafi ƙaranci, amma duk wanda ya gwada ya san wannan adadin na kunnawa ne kawai. Idan na buɗe shafukan intanet da yawa tare da manhajar rubuta shiri, giga 8 tana cika, sai na'urar ta fara aro daga ma'ajiyar fayiloli, komai ya yi nauyi. Kamfanonin da kansu sun nuna inda aka dosa: Microsoft ta sa giga 16 a matsayin sharaɗi ga kwamfutocin da ta kira Copilot+ a 2024, Apple ma a watan Oktoba na shekarar ta mayar da mafi ƙarancin MacBook Air giga 16. Mu kuma abin da ke iso mana a gwanjo yawanci masu giga 8 ne da aka gaji da su a Turai da Amurka. Malama, da girmamawa nake tambaya, shin ba kya ganin batirin da kike yabo zai fi ram ɗin tsawon rai, ki wayi gari da na'ura mai riƙe caji amma ba ta iya aikin?

Malama, Marwa:
Tambayarka tana kan hanya, ɗana, amma aikinka daban da nawa. Ram kamar teburin tela ne: mai ɗinka hula ƙaramin tebur ya ishe shi, mai yanka babbar riga kuwa sai ya yi ta ninke yadi yana saukewa ƙasa. Ni rubutu da lissafin maki da taron bidiyo nake yi, kuma ban ga alamar za su ninka nauyinsu nan da 'yan shekaru ba. Abin da nake ƙi a maganar Alhaji shi ne hukunci ɗaya ga kowa. Ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya ƙauyukan Mayo-Sanaga a kan babur, ko ɗan kasuwar da ke tsallaka gadar Ngeli kullum tsakanin Kuseri da Njamena, nauyin jaka ba ƙaramin abu ba ne a gare su. Tawa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma cajarta ta wat 30 ce, wadda ƙaramin faifan hasken rana da batirin ajiya na gida suke ɗauka ba tare da an tayar da janareto ba.

Alhaji mai shagon kwamfuta, Garwa:
Malama, T480 ma ta bakin USB-C take caji, don haka wannan ba fifikon siririya kaɗai ba ne, ko da yake na yarda cajarta ta fi jan wuta. Amma ku lura da abin da yaron nan ya faɗa, domin shi ne zuciyar maganata. Mai kuɗi zai sayi mai giga 16 ko 32 tun farko ya huta. Talaka kuwa a hankali yake gina kayansa: bana ya sayi mai giga 8, baɗi idan Allah ya hore ya ƙara wani 8, bayan nan ya canza ma'ajiya. Siririya ta rufe masa wannan ƙofar, ta ce sai ya biya komai rana ɗaya, kuma a farashin da kamfani ya yanka, wanda ya fi na ram ɗin kasuwa tsada sosai. Sannan tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, masu saye suna tambayata wadda za ta karɓi Windows 11, farosesar yawancin T480 kuwa ta Intel ce ta ƙarni na 8, tana cikin waɗanda aka amince da su.

Injiniya, Ngaundere:
Wannan hujjar ta gina kaya a hankali ita ce mafi ƙarfi da aka kawo, kuma ba ni da abin rushe ta. Abin da zan ƙara shi ne ba dole ne sirantaka ta zo da rufaffiyar ƙofa har abada ba. Kamfanin Framework ya fitar da siririyar kwamfuta mai gurbin ram tun 2021. A ƙarshen 2023 an amince da sabon tsari da ya ba da damar ɗaure LPDDR da sukurori maimakon dalma, ana kiransa LPCAMM2, kuma Lenovo ta sa shi a ThinkPad P1 ta 2024. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 da za ta tilasta, daga Fabrairun 2027, a riƙa yin na'urori yadda mai su zai iya canza batir, tare da wasu keɓance-keɓance. Tun da gwanjonmu daga can yake fitowa, amfanin zai iso mu, amma sai bayan sun yi shekaru a hannun masu su na farko. Kafin nan, akwai matsakaita irin ThinkPad T490 da ke da ram ɗaya a liƙe da gurbi ɗaya a buɗe, ko EliteBook 840 G5 ta HP mai gurbi biyu wadda ba ta da kauri sosai.

Ɗalibi, Njamena:
Idan haka ne, yaya mai saye zai gane gaskiyar batirin gwanjo da gurbin ram kafin ya biya, tun da mai shago ba zai bari a kwance masa kaya ba?

Mai gyara, Kuseri:
Ba sai an kwance ba, ƙanena. A Windows ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu. Idan na biyun ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na farkon, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. A MacBook akwai adadin zagayen caji a shafin bayanan na'ura, kamfanin kuma ya ƙayyade 1000 ga na zamani. Game da ram, Task Manager, wato shafin Windows mai nuna aikin da na'ura ke yi, yana nuna gurbi nawa ake amfani da su, sai dai yakan ruɗe idan ram ɗin a liƙe yake, don haka ka nemi takardar bayanin wannan samfurin a intanet ka tabbatar. Ka kuma ɗora ta a kan tebur ka ga ko tana rawa, domin gindin da ya taso alamar kumburi ce. Bayan ka saya, idan tana da zaɓin tsayar da caji a kashi 80, kamar yadda Lenovo da Dell da Asus suke bayarwa, ka kunna shi kafin bazara ta shigo.

Alhaji mai shagon kwamfuta, Garwa:
A shagona duk mai son ya buga wannan umarnin ya buga, ban hana ba. Amma siririya mai giga 8 a liƙe, ko batirinta ya nuna kashi 100, ba zan ba ɗalibi irin wannan yaron ita ba. Malama kuwa idan tata ta gaji, ta zo Garwa mu sake magana.