Abin da majalisar Mabera ta ce kan haɗaka da yabo

Hirar dattawa a Mabera, Sakkwato, ta fi daɗewa kan gwamnatin haɗaka. Wani Alhaji ya tuno ƙawancen jam'iyyun NPN da NPP na 1979, zamanin Shehu Shagari. An raba kujerun ministoci, NPP ta samu kakakin Majalisar Wakilai, amma a 1981 aka rabu baran-baran. Shawarar Alhajin, a rubuta wa zai riƙe me, da yadda za a sasanta saɓani, tun kafin rantsuwa. APC ta 2013 daban ce, can jam'iyyu ne suka narke suka zama ɗaya.

Yabon shugaba mai barin gado kuwa, an ce a ambaci aikin da ido ya gani, a bar wa maroƙa kirari. Wani matashi ya ce, "Baba, masu yabon nan kujera suke hari." Ba wanda ya musa.