Rails na ce min undefined method alhali ga metod ɗin nan a model

sabon_shiga: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina haɗa manhajar rajistar ɗalibai da Ruby on Rails, a cikin model ɗin Dalibi na rubuta `def cikakken_suna`, amma da na kira shi a kontirola haka `Dalibi.where(lamba: params[:lamba]).cikakken_suna` sai ya watso min jan shafi wai undefined method cikakken_suna for an instance of ActiveRecord::Relation. Na kashe saba na kunna, na yi db:migrate, shiru kake ji. To ina matsalar take ne wai?

mai_ruby: Wslm. Ɗan uwa ai saƙon ya riga ya faɗa maka, duba abin da ke bayan "for" ɗin nan, shi ne wanda ka aika wa kiran. `where` ba ɗalibi ɗaya yake dawo maka da shi ba, tari ne ko da mutum ɗaya ne a ciki, shi kuma cikakken_suna na ɗalibi guda ne ba na tarin ba. Sa `find_by(lamba: ...)` kawai. Migrate ba ruwansa a nan tunda ba ka taɓa tebur ba.

sabon_shiga: Allah ya saka malam, ya yi aiki. Sai dai in na sa lambar da babu sai ya koma cewa for nil

yar_kod: Eh haka find_by yake, in bai samu kowa ba nil, wato babu komai, zai miƙo maka. Wasu za su ce ka sa `&.` mai tsallake kiran in nil ne, ka huta, ni dai ban so, kuskuren ya ɓuya ne kawai sai shafi ya fito ba suna kai kuma kana can kana zargin databes. Gara `find_by!` mai alamar motsin rai, shi RecordNotFound yake jefawa, Rails kuma ya nuna 404, wato shafin ba a samu ba, in manhajar ta hau intanet.

mai_ruby: Gaskiyarki. Af, in tsohon darasin YouTube kake bi to ka shirya, za ka ci karo da irinsa a `update_attributes`, an cire shi tun Rails 6.1, `update` ake sawa yanzu, haka `attr_accessible` ma tun Rails 4 a 2013 ya bar gari. Buga `rails -v` ka gwada da na mai bidiyon tukuna.